Alkamar Matattu

Ranar da Plamen ya kwashe burodi daga gidan uwarsa, duk mazauna benenmu mun gani, domin a babban kwandon shara na bakin titi ya juye shi, haɗe da fulawa da sukari da kwalaben jam ɗin 'ya'yan itace da tsohuwar ta dafa a lokacin kaka. Uwar tasa, Baba Velika, na tsaye a barandarta ta hawa na huɗu, hannuwanta cikin aljihun rigar gida, tana kallo. Mu a nan, Baba muke kiran kowace tsohuwa. A garinmu ba a jefa burodi cikin shara. Ko ya bushe ƙamas, a leda ake sa shi a rataye a jikin kwandon, mai kaji ya zo ya ɗauka. Plamen ya san haka sarai. Da maƙwabciyarmu Baba Tinka ta tuna masa, sai ya ce shi ba zai rataye wa kajin mutane guba ba.

Plamen ya haura hamsin, yana aikin ofis a wani shagon sayar da tayoyi, kuma shi da matarsa Galya suna zaune a gidan uwar tasa. A bara ne ya zubar da tumbinsa. Kamar yawancin mazan da suka rasa tumbi bayan hamsin, sai ya ɗauka an aiko shi ne ga al'umma. Wurin wa'azinsa wani zaure ne na intanet na masu rage ƙiba, inda yake rubutu da sunan Kyarkecin Dutse. Ɓoyayyen suna ne, wato kowa a unguwa ya san shi ne, sai dai ba a gaya masa. Hoton sikelinsa da ya fara sakawa ya fito da tayil ɗin banɗakin da dukanmu muke da irinsa, da kuma babban yatsan ƙafarsa, wanda duk wanda ya taɓa ganin Plamen da silifas ba zai manta ba.

Akwai mutum guda a zauren da ya hana shi sakewa. Sunansa Mai Burodi. Wannan kam babu wanda ya san shi, namiji ne ko mace, a Sofia babban birninmu yake ko a ƙasar waje. Plamen zai rubuta dogon bayani kan yadda hatsi ya lalata ɗan Adam, Mai Burodi ya zo ya ajiye layi ɗaya a ƙasa, mutane su yi ta dariya. Wata rana ya rubuta cewa wannan tsarin abinci na ƙartai ne masu lafiya, in Kyarkeci ya isa ya gwada shi a kan tsoho ya gani. Plamen ya amsa nan take. Ya ce yana da uwa mai shekara saba'in da takwas, mai ciwon sukari, mai kilo casa'in. Kafin bikin Ista zai sauke mata ashirin, ya kuma raba ta da ƙwayoyin likita, kowa ya zama shaida.

Ita Baba Velika ba a tambaye ta ba. Ba ta ma san akwai wani Mai Burodi a duniya ba.

Tsarin ba shi da wuya. Ci sau ɗaya a yini, da la'asar in Plamen ya dawo aiki: nama, ƙwai, man shanu. Babu burodi, babu dankali, babu wake, babu tuffa. Haƙoran roba ne a bakinta, kuma sun daɗe da yi mata yawa, don haka naman sai dai ta tsotse ta ajiye a gefen faranti. In ta ce cikinta na murɗawa, Plamen ya ce jiki ne ke wanke kansa. In ta ce jiri take ji, ya ce alama ce mai kyau, shi ma ya yi haka a farko. Kowace Lahadi da safe ya ɗora ta a kan sikeli ya ɗauki hoton ƙafafunta da lambar. Waɗannan ƙafafun, masu kumburi da jijiyoyi shuɗaye, sun samu yabo daga baƙi fiye da yadda fuskarta ta taɓa samu a rayuwarta.

Ƙwayoyin sukarin ya zubar da su a masai, ya ce kamfanoni ne ke kiwon marasa lafiya. Galya ba ta yi masa gardama ba. Ta je kantin magani da takardar likitan ta sayo wasu, ta ɓoye a cikin akwatin ɗinkinta, tana ba tsohuwar kowace safiya bayan mijinta ya fita. Ita da kanta ta gaya mini haka a kan matakala, cikin raɗa, da fuskar wadda ta ceci rai. Ni ne a ƙarƙashinsu, hawa na uku, kuma da yake ina koyar da tarihi a sakandare, mutanen bene suna kawo mini sirrinsu kamar mai ajiyar kaya a tasha. Na tambaye ta ko tana haɗa mata da ɗan burodi.

Ta dube ni kamar na ce ta yi sata a coci.

"Malam, ranar Lahadi fa? In nauyin ya ƙaru ni zan ji a jikina. Ƙwaya ba ta hawa sikeli."

Ta ƙara da cewa ita suruka ce, ba 'ya ba. In ta sa baki a ce tana shiga tsakanin ɗa da uwa, in ta yi shiru a ce ba ta damu ba, to ta zaɓi wanda ba shi da hayaniya.

A makonnin farko Baba Velika ta riƙa zagaya ƙofofinmu. Ba ta roƙo. Za ta ce ta zo aron gishiri, ko ta zo tambayar ko ruwan zafi ya ɗauke a wurinmu ma, idanunta kuwa suna can kan tebur. Kowa ya ba ta abin da ya samu. Da Plamen ya gane, sai ya bi mu gida gida cikin ladabi. Ya ce uwarsa mai ciwon sukari ce, yanka guda na burodi zai iya kwantar da ita, kuma duk wanda ya ba ta abin da ya yi mata lahani zai yi bayani a gaban 'yan sanda. Ya bar wa kowa adireshin wasu bidiyoyi. Mu kuma mutane ne masu ilimi da sanin doka. Muka duba muka ga in ta mutu da yunwa a gidansu matsalarsu ce, in ta mutu da burodinmu a ciki matsalarmu ce. Daga nan in ta ƙwanƙwasa, gishirin kawai muke ba ta.

Kuɗin fanshonta a kati yake shiga, katin kuma yana hannun Plamen, tun da ita ba ta iya na'urar cire kuɗi ba.

Wajen tsakiyar hunturu na lura ta koma karatu. Za ta tsaya a ƙofar bene da tabarau a kan hanci, tana bin takardun sanarwar mutuwa da ake liƙawa a gilashi da jikin bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya: wane kwana arba'in, wance wata shida, wane shekara guda, za a taru a kabarinsa ranar kaza. Na zaci tsufa ne, tana duba sa'o'inta da suka riga ta. Ashe abin da ake ci take dubawa.

Da Plamen da Galya sun fita, sai ta ɗaura baƙin kallabi, ta ɗauki sanda, ta nufi maƙabarta. Can gargaɗin Plamen ba ya aiki. Matar da ta kwana tana dafa alkamar sadakar mijinta da ya rasu, ta barbaɗe ta da sukari da zabibi, ba za ta hana tsohuwar da ta tsaya a gefen kabari ba, kuma ba za ta tambaye ta daga ina ta san mamacin ba. Duk wanda ya tsaya sai an miƙa masa kofin alkama da yankan burodi da cuku, shi kuma ya ce Allah ya gafarta masa, ya ci a tsaye. Baba Velika ta faɗi wannan addu'ar ga direbobi da akawu da wata malamar kiɗa da ba ta taɓa gani ba, kuma ina jin babu wanda ya faɗe ta da zuciya ɗaya kamarta.

Fuskarta ta ɗan dawo. Ta koma gaisawa da mutane. Sikeli kuma ya tsaya cak.

Plamen ya shiga damuwa. Ya kai ƙara zaure, masana suka taru. Wani ya ce a cire ƙwai. Wata da ke kiran kanta Sarauniyar Azumi ta ce jikin tsofaffi taurin kai gare shi, a riƙa tsallake yini guda babu ci. Mai Burodi ya rubuta cewa wataƙila tsohuwar ta fi ɗanta wayo. Plamen ya cire ƙwai, ya kuma tsallake Laraba.

Abin ya fashe ne a babbar Asabar ta tunawa da matattu, kafin shiga azumin Ista, ranar da rabin gari ke maƙabarta da kyandir da jakunkunan abinci. Wani ya ɗauki hotonta tana zaune a bakin wani kabari, kofin alkama a cinya, sukari a haɓarta, wasu kofuna biyu a aljihun kwat. Ya saka a shafin garinmu ba tare da sunansa ba, ya rubuta cewa wannan ne karo na uku da yake ganin tsohuwar nan a kabarin mutanen da ba nata ba, shin ba ta da 'ya'ya ne. Kafin yamma ɗaruruwan marasa suna sun yi dambe a ƙarƙashin hoton, kan fansho, kan gwamnati, kan matasan da suka gudu Jamus, kan ko zamanin baya ya fi na yanzu. Babu wanda ya tambayi a wane gida take. Sai wani mai son alheri ya ɗauki hoton ya kai zauren masu rage ƙiba, ya rubuta cewa ga uwar Kyarkeci nan tana bin tsarin.

Ina hawowa daga makaranta ranar Litinin na iske ƙofarsu a buɗe, muryar Plamen na saukowa ta matakala. Ba ihu yake yi ba. Da ihun ya yi, da sauƙi.

"Mama, kin san mutum nawa suka ga hoton nan?"

"Wane hoto?"

"Kin mayar da ni abin dariya. Wata huɗu ina ba mutane shaida a kanki, ke kuma kina can kina bin kaburbura kamar wadda ba ta da gida."

"Su wane ne mutanen?"

"Mutane."

"'Ya'yan wa? Na san iyayensu?"

Ya ce ba za ta gane ba. Sannan ta ce, a hankali, da sunan da take kiransa tun yana yaro:

"Plamcho, yunwa nake ji."

"Ba yunwa ba ce, Mama. Sabo ne. Zai wuce."

Washegari ya karɓe makullinta. Da safe in za su fita, sai ya kulle ƙofar ta waje. Ga duk wanda ya tambaya, ya ce ƙanƙara ta daskare a hanya, yana tsoron kada ta zame. Galya ta ci gaba da ba ta ƙwayar kowace safiya, da kofin ruwa.

Ƙanwarsa Rumyana, wadda ke jinyar tsofaffin wasu mutane a Sifen, tana kira ta bidiyo ranar Lahadi. Ta ga uwarta ta ce kai Mama, kin koma budurwa, ga wuya ya fito. Baba Tinka ta samo lambarta ta kira ta ta gaya mata komai. Rumyana ta yi kuka sosai, ta ce amma ita da ba ta nan, da wane baki za ta gyara wa wanda yake nan. Baba Tinka ba ta haƙura ba, ta kai maganar ga masu kula da tsofaffi. Aka turo wata mata da jaka. Ta buɗe firiji ta ga nama har baki da man shanu mai tsada, ta ga gida tsaf, ta ga ɗa namiji zaune da uwarsa a wannan zamani. Ta tambayi tsohuwar ko tana da ƙorafi, ɗan yana tsaye a bayan kujerarta. Ba ta da shi. Matar ta ce da ma duk gidajen da take zuwa haka suke.

Ni ma na tare Plamen sau ɗaya a ƙofar bene. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko tarihi ya koma ɓangaren likitanci ne. Ya ɗan bubbuga cikina da bayan hannu, ya ce in na shirya in zo ya taimake ni, kyauta.

Daga ƙasa nake jin takun Baba Velika. Da can silifas ɗinta na yawo daga kicin zuwa baranda duk yini. Yanzu sai ya ja, ya tsaya, ya daɗe, ya sake ja. Wata rana da rana ina shanya a barandata, na ji muryarta daga sama. Ta leƙo ta kan ƙarfe, fuskar ta zama ido zalla. Ta ce ta hango an liƙa sabuwar takarda a bishiyar bakin titi, amma idonta ba ya kaiwa, ta wane ne.

Na ce ta Ganchev ce, mai gyaran wuta, kwana arba'in.

"Yaushe?"

Na ce ranar Alhamis.

Ta ɗan yi tunani. "Matarsa ba ta rowar zabibi," in ji ta. Ta koma ciki.

Ba ta kai Alhamis ɗin ba. Ranar Laraba, ranar da ba a ci, wajen hantsi, ina gida domin ba ni da aji, na ji wani abu ya faɗi a sama. Ba ƙara ce mai yawa ba, kamar an yar da buhun da bai cika ba. Na hau na ƙwanƙwasa. Shiru, sai wani nishi ƙasa ƙasa daga wajen kicin. Baba Tinka ta fito da cokali a hannu. Muka kira motar asibiti, muka kira Plamen, muka kira Galya. Motar ta riga su zuwa. Likitar da mai taimaka mata suka tsaya tare da mu a gaban ƙofar ƙarfe, irin mai kyau wadda Plamen ya sa don tsoron ɓarayi. Likitar ta yi ta kiran sunanta ta ramin makulli. Tun muna jin nishin har muka daina ji. Mai taimaka mata ya ce a kira masu kashe gobara su fasa, yana cikin dannawa Plamen ya hawo a guje, da makulli a hannunsa.

Tana kwance a gefen murhu, ƙafa ɗaya ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa, gumi ya jiƙa mata riga. Likitar ta soki yatsanta, ta dubi na'urar, ta zagi wani abu da ba a wurin yake ba, ta fara zuƙo ruwa a sirinji. Plamen ya tambayi mene ne. Ta ce sukari. Ya ce don Allah a dakata, uwarsa ba ta shan sukari. Likitar ba ta ko ɗago ba. Da ta gama, ta tambaya ko tsohuwar na shan maganin ciwon sukari. Plamen ya ce ya daɗe da raba ta da shi. Galya, wadda ta iso tana haki da rigar aiki, ta ce daga bakin ƙofa tana sha, kowace safiya.

"Ƙwaya kullum, abinci kuma ba kullum ba," in ji likitar. "Wa ya koya muku haka?"

Na dai ga fuskar Plamen ta saki kaɗan, kamar wanda aka sauke wa kaya. Ya samu mai laifi. A yammacin ranar ya sanar a zaure cewa an yi wa gwajinsa zagon ƙasa da ƙwayoyin kamfani, a cikin gidansa.

Ƙashin ƙugu ne ya karye. Aka yi mata aiki, ta rayu. Na je duba ta da banitsa, gasasshen kwaɓin fulawa mai cuku, a takarda, na iske wani matashin likita ya fitar da Plamen waje, ya ja kujera ya zauna kusa da ita. Ya ce jikinta jikin wanda aka daɗe ba a ciyar ba ne, kuma in ta gaya masa gaskiya akwai abin da zai iya yi. Ya tambaye ta wa ke ba ta abinci a gida.

"Ɗana," in ji ta. "Yana kula da ni ƙwarai. Nama kullum. Ni ce ba na jin daɗin baki."

Ya sake tambaya ta wata hanya. Ta sake ba shi amsar. Da ya tafi, ta miƙo hannu ta karɓi takardar ta fara ci da hannu biyu, tana sauri, idonta a ƙofa. Na ce Baba, me ya sa. Ba ta daina taunawa ba.

"In na faɗa, ni ina za su kai ni, Malam? Shi kuma ina za su kai shi?"

Sikelin asibiti ya nuna ta sauke kilo ashirin da ɗaya, Ista kuma da saura. Plamen ya ɗauki hoton takardar ya saka a zaure, ya kira Mai Burodi da suna ya fito ya ba da haƙuri a gaban jama'a. Aka yi ta taya shi murna. Sarauniyar Azumi ta ce ya zama abin koyi ga 'ya'ya. Mai Burodi bai leƙo ba sai bayan kwanaki, da layinsa ɗaya kamar kullum. Ya ce a yi masa afuwa, wace uwa ake magana, shi da mutane da yawa yake faɗa. Plamen ya rubuta masa dogon bayani yana tuna masa. Sannan ya buɗe sabon batu kan yadda ake haɗa karyayyen ƙashi da romon ƙashi zalla, ba tare da kunun da asibiti suka rubuta ba.

An sallame ta ana gobe Ista. Benenmu ba shi da na'urar hawa, masu motar asibiti kuma suka ce aikinsu ya ƙare a bakin ƙofa. Plamen ya cire kwat, ya miƙa wa Galya, ya sunkuya ya ɗauki uwarsa a hannu biyu kamar jaririya. Muna tsaitsaye a ƙofofinmu, gidaje na ƙamshin burodin biki. Wata baƙuwa da ta zo wurin danginta a hawa na biyu ta matsa musu hanya, ta dafe ƙirji, ta ce Allah ya ba kowace uwa ɗa irin wannan. Babu wanda ya gyara mata. Mun saba.

Da suka iso hawana ya tsaya ya gyara riƙo. Ko haki ba ya yi. Kan Baba Velika na kafaɗarsa, idanunta a buɗe, suna kallon cikin gidana ta bayana, wajen tebur.

"Kin gani ko, Mama?" in ji shi, da murya mai taushi. "A bara da ba zan iya ɗaukar ki ba."

Ya ci gaba da hawa.